Ma'anar "kiyorin": ban-ruwan kankare a gidajen hamadar kan tudu

Kalmar da injiniyoyin gini ke yawan faɗa bayan an gama zuba kankare ita ce kiyorin. Magina a wajenmu ban-ruwa suke cewa, kuma sunan ya kama hanya, sai dai bai ɗauke ma'anar duka ba. Kiyorin shi ne duk wani tanadi da za a yi domin kankaren da aka zuba ya riƙe danshinsa da ɗuminsa har ya yi ƙwari. Zuba ruwa hanya ɗaya ce daga ciki. Rufewa da leda, da fesa magani a samansa, da lulluɓe shi da bargo a daren sanyi, duk sunansu kiyorin.

Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, irin yadda tubalin ƙasa ke yi a rana. Ruwa yake sha. Garin siminti yana haɗuwa da ruwa ya rikiɗe ya zama wani abu mai danƙo da ke kama yashi da tsakuwa ya dunƙule su wuri guda, kuma wannan aiki makonni yake ɗauka yana tafiya a hankali. Shi ya sa ake auna ƙarfin kankare a kwana 28. A kwana 7 yawanci ya kai wajen kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfin. Da zarar danshin da ke cikinsa ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100, aikin ya kusan tsayawa cik. Kankaren da aka bari a sarari tun ranar farko yakan tsaya a kusan rabin ƙarfin wanda aka riƙe da danshi. Abin takaici ne mai gida ya biya kuɗin siminti cikakke ya tashi da rabin amfaninsa, saboda kwana bakwai da ba a kula ba.

Inda wannan magana ta fi zafi shi ne hamadar kan tudu, irin ta yammacin Amurka. Birnin Albuquerque na jihar New Mexico yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600 daga doron teku, Santa Fe ta haura mita 2,000, Reno ta jihar Nevada kuma wajen mita 1,370. Ruwan saman da Albuquerque ke samu a shekara bai kai milimita 250 ba. Iskar wuraren busasshiya ce, tana kaɗawa sosai, rana tana da kaifi saboda tudun, kuma tsakanin zafin azahar da sanyin asuba akan sami tazarar digiri 15 ko fiye. Da damina ko rani, daɓen gareji, hanyar shigar mota da tsakar gida duk suna kwance a fili suna shan wannan yanayi.

Awannin farko su ne masu haɗari, tun kafin a kai ga zuba ruwa. Bayan an zuba kankare an baje shi, yashi da tsakuwa sukan zauna, ruwa ya tsatsafo sama ya sa fuskar ta yi ƙyalli. Muddin wannan ƙyallin yana nan, fuskar tana da kariya. Idan iska tana kwashe ruwan fiye da yadda yake tasowa, fuskar sai ta bushe ta tsuke alhali cikin yana nan laɓa-laɓa, ba shi da ƙarfin da zai riƙe ta. Nan take sai ka ga tsaga gajeru-gajeru sun jeru kusa da juna, tsakaninsu santimita 30 zuwa mita ɗaya. Cibiyar Kankare ta Amurka, wadda ake kira ACI, ta sanya ma'auni: idan ruwan da ke tashi daga fuskar ya kusan kilo ɗaya a kowace murabba'in mita cikin awa ɗaya, wajibi ne a ɗauki mataki. Iska ce ta fi rana ɓarna a nan. Iskar da ke gudun kilomita 16 a awa tana ninka tashin ruwan kusan sau huɗu a kan ranar da babu iska, don haka ranar sanyi mai iska tana iya tsaga daɓe fiye da ranar zafi mai tsit.

Maganin wannan tun daren jiya yake farawa. A jiƙa ƙasar da za a zuba a kanta da katakon gefe, su yi danshi amma kada ruwa ya kwanta, domin busasshiyar ƙasa tsotse ruwan kankaren take yi daga ƙasa. A fara zubi da asuba. A kafa kariyar iska ta ɓangaren da take kaɗowa, ko da kwano ne ko tamfol. Kwaɓin kansa kada zafinsa ya wuce digiri 35, gara ma a tsaya ƙasa da 32. Ajiye tsakuwa a inuwa da yayyafa mata ruwa yana taimakawa. Tsakanin bajewa da gogewa, a riƙa fesa ruwa mai laushi kamar hazo a iskar da ke saman daɓen, ko a shimfiɗa leda na ɗan lokaci a yaye ta in an zo gogewa.

Akwai kuskure biyu da ake yi a daidai wannan gaɓa, kuma ina roƙon duk mai sa ido a aikin gida ya hana su. Na farko, ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin bajewa. Buhun siminti mai kilo 50 ba ya son fiye da lita 25 na ruwa a aikin daɓe mai kyau, har da danshin da yashi ya zo da shi. Duk abin da ya ƙaru a kan haka zai fice daga baya ya bar ƙananan ramuka a jikin kankaren. Na biyu, watsa ruwa a fuskar da ta fara kamewa a bi shi da cokali a goge. Wannan tsinka simintin saman yake yi. Bayan 'yan watanni fuskar ta riƙa fitar da ƙura in an yi shara, ko ta yi tsaga kamar saƙar gizo. Barbaɗa busasshen siminti don ya tsotse ruwan saman ma haka yake jawowa.

Da fuskar ta kama yadda ruwa ba zai ɓata ta ba, sai a shiga kiyorin na sosai. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwana 7 a jere ga siminti na yau da kullum, matuƙar ɗumin kankaren ya haura digiri 10. "A jere" ita ce kalmar da ake yawan tsallakewa. Yaron da ke zuwa da tiyo safe da yamma, tsakani kuma daɓen ya bushe fari fat, bai yi kiyorin ba. Jiƙewa da bushewa a kai a kai su ma suna tsaga fuskar. Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa buhunan algarara wankakku, a jiƙa su sharkaf, a ɗora leda a kansu. Ko a yi wa daɓen ɗan shinge da ƙasa a gefe-gefe a tara ruwa a kai, in wurin shimfiɗaɗɗe ne. Ruwan kada ya fi kankaren sanyi da sama da digiri 11, don sanyin bazata a kan daɓe mai zafi yana fasa shi.

A hamada ruwa tsada gare shi, shi ya sa magina a can suka fi dogara da hanyoyin rufewa. Leda mai kaurin milimita 0.1 ta wadatar, fara a lokacin zafi, a haɗa bakunanta su hau juna, a danne gefuna da yashi ko katako kada iska ta shiga ƙarƙashi. Illarta ita ce tana barin dabbare-dabbare a inda ta yi lanƙwasa, don haka ba a so ta a daɓen da aka sa wa launi. Maganin feshi kuwa wani ruwa ne da ke bushewa ya zama fata siririya mai toshe fitar danshi. Lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 5, a fesa sau biyu, na biyun ya gicciye na farkon, da zarar ƙyallin ruwan ya ɓace. Inda za a ɗora tayil ko fenti daga baya, a tabbatar irin wanda ke gogewa ne, in ba haka ba zai hana su kamawa.

Sai batun sanyi, wanda shi ne ya bambanta hamadar tudu da tamu. A can ruwa yana daskarewa da dare a watanni da dama, kuma ruwa in ya zama ƙanƙara girmansa na ƙaruwa da kashi 9 cikin 100. Sabon kankaren da ya daskare kafin ya kai ƙarfin megafaskal 3.5 (megafaskal shi ne ma'aunin ƙarfin kankare) yana iya rasa rabin ƙarfinsa har abada. Saboda haka daga kaka zuwa bazara ba a tara masa ruwa. Ana rufe shi da bargon gini mai riƙe zafi, a ninka a kusurwoyi da gefuna inda sanyi ke fara kamawa, a kuma yaye shi sannu a hankali. Daɓen waje kuma ana kwaɓa shi da wani sinadari mai sanya ƙananan kumfar iska a jikinsa, kashi 5 zuwa 7 cikin 100, domin ƙanƙara ta sami wurin buɗawa.

Kiyorin ba ya hana kankare tsukewa gaba ɗaya, don haka ana yanka masa layi inda ake so tsagar ta bi. A daɓe mai kaurin santimita 10, zurfin yankan santimita 2.5 ne, tazarar kuma mita 2.5 zuwa 3. Da zarto, ana yanka cikin awa 6 zuwa 18 na farko, a mayar da rufin nan take.

Daskarewa ba matsalar Kano ko Damagaram ko Agadas ba ce, amma busasshiyar iskar hunturu daidai take da waccan wajen kwashe ruwa, domin da rana danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Mai zuba dakin (rufin kankare) ko jaman fulo a watan Disamba ko Janairu ya tanadi buhunan algarara, leda da tankin ruwan kwana bakwai tun kafin a fasa buhun siminti na farko. Bayan kwanakin sun cika, a daina jiƙa buhunan a bar su su bushe a kan daɓen da kansu, sannan a kwashe.