Cutar Farin Ɗigo a Kifin Ado: Dalilin da Ya Sa Take Komowa Bayan An Zaci Ta Warke

Da zarar hunturu ya kankama a Yamai, wato cikin Disamba da Janairu, mu ma'aikatan kiwo mukan yawaita jin koke iri ɗaya daga masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, cewa kifi ya fito da fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa da duwatsu, ya tsuke fukafukansa, ya kuma daina cin abinci. Ba banza cutar ke zaɓar wannan lokaci ba. Da rana ɗaki yakan yi ɗumi, da asuba kuma zafin gari ya sauka kusa da digiri 15, ƙaramin akwati kuwa ba ya riƙe zafi, sai wannan hawa da sauka ya raunana kifin, ƙwayar cutar ta samu hanya.

Ƙwayar da ke haddasa wannan ciwo ƙaramar halitta ce da masana ke kira Ichthyophthirius multifiliis, wadda wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya bayyana a 1876. Ɗigon da ido ke gani ƙwayar ce da ta kutsa ƙarƙashin fatar kifi tana ci, kuma muddin tana wurin, fata ta lulluɓe ta, babu maganin da aka zuba a ruwa da zai kai gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta manne da tsakuwa ko ganye, ta rufe kanta da kwanso, ta yi ta rarrabuwa har ƙwaya ɗaya ta zama ɗaruruwa. Waɗannan 'ya'yan ne ke fitowa suna iyo suna neman kifi, in ba su samu ba cikin kamar kwana 2 sai su mutu, kuma a wannan ɗan tsakanin ne magani ke iya kashe su.

A nan mafi yawan masu kifi ke yin asara. Mutum ya zuba magani, bayan 'yan kwanaki ya ga fatar kifi ta yi tas, sai ya yi hamdala ya daina, alhali ɗigon ba mutuwa suka yi ba, sauka suka yi su hayayyafa. Kafin mako ya zagayo cutar ta dawo ninki-ba-ninki, ta cika wurin numfashin kifi da ke ƙarƙashin murfin kunne, a wayi gari kifi na saman ruwa yana haki. Saboda haka akwatin gaba ɗaya ake yi wa magani, ba kifin da aka ga ɗigo a jikinsa kaɗai ba, a ci gaba har kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsaya sai an ƙara aƙalla kwana 3 bayan ɓacewar ɗigo na ƙarshe. A ruwa mai digiri 25 ƙwayar na gama zagayenta cikin ƙasa da mako ɗaya ko kusa da haka, a ruwan sanyi kuwa takan ɗauki makonni, don haka wanda ba shi da na'urar ɗumama ruwa sai ya tsawaita magani a hunturu.

Magani mafi sauƙin samu shi ne gishiri tsantsa, giram 2 zuwa 3 a kowace lita. Sai dai a fara sanin yawan ruwan: a auna tsawo da faɗi da zurfinsa da santimita, a ninka su, a raba da 1000. Akwati mai 60 da 30 da 35 yana ɗaukar lita 63, wato yana buƙatar kamar giram 125 a ma'aunin giram 2 a kowace lita. A narkar da gishirin a wani mazubi, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai wani abu da bushewar iskar garin nan ta sa dole a kula da shi: ruwa yana tashi, gishiri ba ya tashi. Idan ruwa ya ragu da kansa, a cika da ruwa marar gishiri. Idan kuwa an kwashe ne, a sa gishirin da ya dace da abin da aka kwashe kaɗai. Duk bayan kwana biyu a zuƙe dattin ƙasa da tiyo, a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, domin a ƙasa ƙwayar ke kwanciya. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe don kulorin ya fita. Ganyen ado ba ya jure gishiri, haka ma wasu kifayen marasa ɓawo, irin su kurungu, sai an rage musu an kuma sa ido.

Ɗaga zafin ruwa a hankali zuwa digiri 28 ko 30 yana gaggauta zagayen ƙwayar, amma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, saboda haka dole famfon iska ya yi ta aiki, kuma in an ɗauke wuta a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubo shi daga sama. Magungunan kanti na wannan cuta galibi suna ɗauke da formalin ko malachite green. Suna aiki, in an bi ma'aunin da ke jikin kwalba aka kuma cire gawayin da ke cikin matacin ruwa, don yana shanye magani. Ina jan kunnen masu kiwon tarwaɗa ko karfasa na ci a gida cewa malachite green haramtacce ne ga kifin ci a Turai da Amurka saboda fargabar sankara, kada ya kusanci kifin da zai shiga tukunya.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne fasa kafso na mutane a zuba a ruwa, al'adar da ta zama ruwan dare. Irin wannan magani bai taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan, sai dai ya kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin mataci suna tsabtace kashin kifi. Fiya-fiya da sauran maganin ƙwari kuwa ɗigo kaɗan ya isa ya ƙarar da akwati.

Ba kowane ƙaiƙayi ne farin ɗigo ba. Idan kifi na goga jiki yana haki, jikinsa ya yi yauƙi, amma babu ɗigo, a yi zargin ƙananan tsutsotsin fata da na wurin numfashi, waɗanda ake kashewa da praziquantel, maganin da aka sani na tsargiya, bisa ma'aunin likitan dabbobi, a maimaita bayan mako ɗaya don ƙwan wasunsu ba ya mutuwa. Kwarkwatar kifi, mai faɗi da zagaye, ido na ganinta, ana iya cire ta da hantsaki.

Kusan kullum cutar na shigowa ne tare da sabon kifi da ya sha doguwar tafiya cikin leda, ko da ganye da ƙananan kifaye da yara ke kawowa daga bakin kogin Isa. Duk sabon kifi a keɓe shi a wani mazubi dabam na mako 3 zuwa 4, da komarsa da tiyonsa, kuma kada a juye ruwan ledar da ya zo ciki a babban akwati. Farin ɗigo ba ya kama mutum, amma a wanke hannu da sabulu bayan aiki, mai rauni a hannu kuma ya sa safar roba. Kifin da ya mutu a binne shi, ruwan magani a zubar a busasshiyar ƙasa nesa da rijiya da shuka, kada a bari ya bi kwata ya gangara kogi.