Ƙanƙara mai riƙe gas: me ake nufi, kuma ina ruwanmu da ita a Legas?

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, maganar gas ta shiga bakin direbobi da 'yan kasuwa a Agege da Mile 12. Akwai wata hanyar adana gas da ba a cika jinta ba, wadda masana ke kira haidiret, wani lokaci kuma da taimakon wani gishiri ake haɗa ta.

Mece ce haidiret?

Ruwa ne da ya daskare da gas a cikinsa. Idan sanyi da matsi suka haɗu, ƙwayoyin ruwa sukan jeru su yi ƙananan ɗakuna kamar akurki, kowane ɗaki ya kulle ƙwayar gas. A ido ƙanƙara ce, amma ta metan, wato gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, in aka kyasta mata ashana sai ta kama da wuta. Dunƙule ɗaya nata na fitar da gas kusan ninki 160 na girmansa. A 1934 injiniya Hammerschmidt ya gano ita ce ke toshe bututun gas a Amurka.

To, ina gishiri ya shigo?

Ba gishirin miya ba ne, wannan ma hana ta haɗuwa yake yi. Wani gishiri ne na masana'anta, TBAB. Haidiret ɗin metan zalla sai an matsa ta ninki 26 na matsin iska ko da a sanyin digiri sifiri ne. Shi kuwa TBAB yana shiga ginin da kansa: ɓangarensa ɗaya ya zama cikin bango, ɗayan mai hannaye huɗu ya cika manyan ɗakuna, ya bar ƙananan wa gas. Da haka ƙanƙarar ke tsayawa har wajen digiri 12 ba tare da matsi ba.

Yaya ake amfani da ita wajen tace gas?

Ɗakunan suna da zaɓi. CO2, wato iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ya fi naitirojin da metan saurin shiga. Sai a bi da gaurayayyen gas ta ruwan, a ɗebe abin da ya rage, a ɗumama ƙanƙarar ta saki nata, gishirin ya koma aiki. Nan ne hankalina ya fi tsayawa. Duk wanda ya san abbatuwar Oko-Oba ya san tulin kashin shanu da taroson da ake kwasa kullum, ga kuma jujin Olusosun. Gas ɗin da ke tashi daga irin wannan ruɓa, fiye da rabinsa metan ne, yawancin sauran CO2. Cire CO2 ɗin, ka samu makamashi mai ƙarfi.

Za ta maye gurbin tukunyar gas?

A'a. Gas ɗin girki daban ne, kuma tunda gishirin ya cinye manyan ɗakuna, abin da take ɗauka ya ragu sosai. Haɗuwarta ma tana ɗaukar lokaci. Ga zafin Legas da ke haura digiri 30, dole a sanyaya, sanyi kuma sai da wuta. Yawancin aikin yana ɗakin gwaji har yanzu, ko da yake a Japan an yi amfani da kunun TBAB wajen sanyaya gine-gine.