Sayen Tsohuwar Kyamarar Fim da Kuɗi Kaɗan: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan duk kyamarar fim da ke kasuwa yau ta hannu ce, wata ma ta girmi mai sayenta. Don haka lafiyarta ake saye, ba sunan da ke goshinta ba.

Wace iri ya kamata mai farawa ya nema?

Wadda ke cin fim mai faɗin milimita 35, wanda ake rubuta 135 a kwalinsa, mai hoto 24 ko 36. Shi ya fi sauƙin samu, shi kuma masu wanki suka fi sabawa da shi. A cikinsu a nemi SLR, wato wadda ake cire mata lens (gilashin gaba da haske ke bi) a sa wani, kuma abin da ido ya gani ta tagar leƙe shi zai hau fim. Kyamarar APS kuwa, mai cin wani ƙaramin fim daban, ko kyauta aka ba ka kada ka sa rai, an daina yin fim ɗinta.

Kowa Canon AE-1 da Pentax K1000 yake ambata. Dole sai su?

A'a. Duka biyun sun fito a 1976, kuma nagartattu ne, amma suna ya ɗaga musu farashi fiye da aikinsu. K1000 tana da ƙanne da ba a cika ambata ba, masu bakin lens irin nata, wato mahaɗin da ake ɗaura lens a jiki, kamar Ricoh KR-5 da wasu na Chinon da Cosina. Akwai kuma Yashica FX-3 ta 1979, mara nauyi, wadda babban aibunta fatar jikinta ce ke marmashewa, abin da bai shafi hoto ba. Lens da fim ne ke yin hoto. Gangar jikin akwati ne da ke hana haske shiga sai na ɗan lokacin da aka ƙayyade masa, kuma in ya iya wannan ya gama aikinsa.

Mai aiki da sifirin ko mai lantarki?

K1000, FX-3 da Nikon FM suna ɗaukar hoto ko babu batir, ma'aunin haske kaɗai ke cin ƙaramin LR44. In sun yi nauyi, mai gyara zai wanke ya sa mai su dawo. AE-1 kuwa ba ta motsi sai da batir 4LR44 mai bolt 6. Minolta X-700 ta 1981 ta yi suna da mutuwar kafasita, wani ɗan kayan lantarki a cikinta: sai ka ga fitilun ciki sun kawo, ka danna su ɗauke, labulen da ke buɗewa haske ya hau fim bai buɗe ba. Ana canza shi, amma sai wanda ya iya walda da dalma. Wanda ke nesa da mai gyara ya fi kwanciyar hankali da ta sifirin.

In aljihu ya yi ƙunci sosai fa?

To a dubi na roba masu saita kansu, na ƙarshen zamanin fim. Canon EOS 300 ta 1999 da Nikon F65 ba su da kwarjini, shi ya sa suke araha, alhali ma'auninsu ya fi na tsofaffin daidai, kuma da kansu suke jan fim. Sai dai batir CR2 biyu suke ci, ba a samunsa a kowane shago, kuma in sun mutu gyaransu ya fi kuɗinsu.

Me ya sa ake ta maganar bakin lens?

Saboda shi zai ɗaure ka. Lens ɗin FD na AE-1 ba ya hawa EOS, duk da kamfani ɗaya ya yi su, domin Canon ya koma bakin EF a 1987. EF-S na dijital ma ba ya shiga EOS ta fim. Nikon ya riƙe bakin F a SLR ɗinsa tun 1959, amma F65 ba ta auna haske da tsofaffin lens da ake saitawa da hannu. Bakin K na Pentax da M42 mai zare, na su Praktica da Zenit, su suka fi yalwar lens masu sauƙin kuɗi. Abin da ya fi dacewa shi ne a sayi jiki haɗe da lens ɗin 50mm, don haɗe ya fi araha a kan ɗaiɗai.

Ga ta a hannuna. Daga ina zan fara?

Ka je da batirinka da tocila. Fara buɗe gidan batir: farin gari ko tsanwan tsatsa alama ce batir ya fashe a ciki. In a baki ya tsaya, auduga da ɗan ruwan khal na goge shi. In ya bi waya ya shiga ciki, ajiye ta.

Sai ka cire lens, ka buɗe baya, ka ɗaga ta wajen haske. Sa gudun labule a kan 1, ka danna, ka saurara: ya kamata ya buɗe, ya yi ɗan ƙugi na daƙiƙa guda, ya rufe. In ya ja ya kai biyu ko ya maƙale, man ciki ya bushe. Bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya har 1/1000, kana kallo. Hasken ya gilma a duk faɗin tagar. In gefe ɗaya ya yi duhu, labule na biyu yana cim ma na farko kafin su gama tafiya, kuma rabin hotonka zai fito baƙi. Ɗaga madubin da ke bayan bakin lens a hankali, ka haska tocila ta gaba a wuri mai duhu, ka duba ko akwai huda a labulen ƙyalle, kafin ka ja hannun fim da bayan ka ja. Kada yatsa ya taɓa labulen.

Mayar da lens, ka karkata daga inuwa zuwa rana, ka ga allurar ma'auni tana tafiya sumul ba tsalle. A rana tsaka, da fim mai lamba 100, ya kamata ta nuna kusan f/16, wato girman ƙofar haske ta lens, a gudun 1/125. Daga nan ka haska cikin lens. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma farin zare mai kama da yanar gizo funfuna ce, tana cin rufin gilashi. Ganyayen ƙofar haske su kasance a bushe, su rufe su buɗe nan take.

Wane aibu ne ba ya hana ciniki?

Soson da ke kewaye da murfin baya. Kusan kowace tsohuwar kyamara nata ya narke ya zama baƙin danƙo, haske yana shiga ya bar jan zane a hoto. Gyaran gida ne: a kankare da tsinken sakace da sifirit, a manna sabon soso mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, a haɗa da wanda madubi ke buguwa da shi. Ƙura a tagar leƙe ma ba ta hawa hoto, don madubin yana ɗagewa lokacin ɗauka. Kukan da AE-1 ke yi kamar tari man haƙoran injin ciki ne ya bushe, ana sa mata. Waɗannan duka dalilan neman ragi ne.

Na ji wasu batirinsu ya ɓace a duniya.

Olympus OM-1 da Minolta SR-T 101 an yi su don batirin makuri mai bolt 1.35, wanda aka hana yi. In aka sa mai 1.5 ma'aunin zai yi ƙarya. Batirin na'urar taimakon ji mai lamba 675 yana ba da kusan 1.4, yana maye gurbi, sai dai ba ya daɗewa. Manhajar auna haske a waya ma ta isa, tunda duka biyun suna ɗauka ba batir.

Yaya zan raba kuɗin?

Kada kyamara ta cinye duka. Fim da wanki su ne hidimar kullum, kuma tun kafin ciniki ka tabbatar akwai inda za a wanke maka C-41, wato wankin fim mai kala. Ware kuɗin nadi ɗaya na gwaji, ka roƙi mai kaya ya yarda da mayarwa in ya nuna matsala. Ɗauki abu ɗaya da gudu daban-daban, kana rubuta saitin kowane hoto a takarda, sannan ka bar kyamarar a haske na ɗan lokaci a tsakiyar nadin. Nagetif ɗin zai tona ɗigar haske, hawan hoto kan hoto, da duk gudun da ya kauce.