Kwafin halitta: abin da sashe na 50 na Dokar Lafiya ya hana

Manomin citta a Kachia ba ya shuka ƙwaya. Saiwar bara yake karyawa gutsi-gutsi, kowane da idonsa, ya binne. Abin da zai tsiro kwafin uwar ne sak. Haka rogo da rake suke, kuma babu dokar da ta hana wannan.

Inda magana ta yi nauyi shi ne 1996, lokacin da masana a Cibiyar Roslin ta Sukotlan suka samar da tunkiya Dolly ba tare da rago ba. Sun ɗauki ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya, suka sa ta cikin ƙwan da aka cire wa cibiya, wato ma'ajiyar ƙwayoyin gado, aka dasa a mahaifar wata. Cikin gwaji 277, Dolly kaɗai aka haifa. A ɗan tsaya kan wannan adadi. Da a ce 'ya'yan mutane ake gwadawa, sauran 276 fa? Ni dai wannan kaɗai ya ishe ni dalilin goyon bayan hani.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta hana abu uku a sashe na 50: jirkita ƙwayoyin gado na maniyyi, ƙwai ko ɗan tayin ɗan Adam, sauya cibiyar ƙwai ko tsaga ɗan tayi da nufin kwafo mutum, da shigo da ɗan tayin mutum ko fitar da shi daga Najeriya. Wanda kotu ta kama da laifi, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 5 ne, babu zaɓin tara.

Malamai ma sun rigaya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta haramta kwafo mutum, ta halatta a dabbobi da tsirrai da sharaɗi. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2005 kan hana kwafo mutum kuwa kira ce kawai, ba ta ɗaure kowace ƙasa ba.

'Yar'uwa da ke neman haihuwa, kada wannan ya tsorata ki. Haɗa ƙwanki da maniyyin maigidanki a asibiti ba kwafi ba ne, don jaririn zai gaji uwa da uba. Amma duk wanda ya ce zai kawo miki ɗan tayi daga waje, ya gayyace ki ne zuwa abin da sashe na 50 ya kira laifi.