Lasisin Tuƙin Manyan Motocin Kaya da Matsayinsa a Harkar Rance

Lasisin tuƙin manyan motocin kaya izini ne da hukuma ke bai wa direba domin ya ja tirela, tanka ko wata babbar mota a matsayin sana'a, bayan ya ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi kuma likita ya tabbatar da lafiyarsa. Sharuɗɗansa sun fi na lasisin ƙananan motoci tsauri, domin motar da ta yi lodi ba ta tsayawa da wuri idan an taka birki.

A Amurka, inda ake kiransa CDL, tsarin ya samo asali ne daga dokar tarayya ta 1986. Kafin wannan doka, direba yana iya mallakar lasisin jihohi da dama, ya rarraba laifukansa a kansu, idan an ƙwace ɗaya ya fito da wani. Dokar ta wajabta lasisi ɗaya tak ga kowane direba, kuma daga 1 ga Afrilu 1992 aka haramta jan irin waɗannan motoci ba tare da shi ba. Rukunin A na masu jan tirela ne, wato kai da bodi waɗanda nauyinsu a haɗe ya kai fam 26,001, kimanin kilo 11,800, sai rukunin B na babbar mota guda mai wannan nauyi. Sai direba ya cika shekara 21 kafin ya ƙetara da kaya daga jiha zuwa jiha, kuma takardar likitansa ba ta wuce wata 24. A Tarayyar Turai rukunan su ne C na babbar mota guda da CE na mai jan tirela, kuma ana buƙatar horon awa 35 duk bayan shekara biyar.

Muhimmancin lasisin ya fi bayyana ne a lokacin da direba ya nemi rance domin ya mallaki motar kansa. A takarda, motar ce jingina, amma mota ba ta biyan bashi sai tana kan hanya, kuma ba ta hawa hanya sai da direba mai izini. Saboda haka mai ba da rance yakan duba shekarun da direba ya yi da lasisi da kuma laifukan da aka rubuta masa, kamar yadda yake duba tarihin biyan bashinsa. Sabon direba yakan gamu da kafin alƙalami mai yawa da kuɗin ruwa mai tsada, wani lokaci ma a ƙi shi gaba ɗaya. Kamfanonin inshora ma da wannan ma'auni suke aunawa, kuma a Amurka doka ta sanya aƙalla dala 750,000 a matsayin inshorar mai dakon kayan yau da kullum tsakanin jihohi.

Haɗarin ya fi yawa ga mai mota ɗaya. Idan aka kama direba a Amurka yana jan babbar mota da barasa a jininsa da ta kai kashi 0.04 cikin ɗari, za a dakatar da shi na shekara ɗaya a karon farko, a karo na biyu kuma har abada. Motar tana fake a gareji, taya na bushewa, amma kuɗin wata-wata da na inshora ba sa jira, kuma sau da yawa ƙarshen lamarin shi ne a ƙwace ta.

Samun lasisin kansa kan zo da bashi. Wasu kamfanonin sufuri suna ɗaukar nauyin horon direba bisa sharaɗin zai yi musu aiki na wani ƙayyadadden lokaci, idan ya bari kafin wa'adin ya cika, sai ya mayar da kuɗin. Tsarin yana buɗe ƙofa ga marasa hali, sai dai ya dace a karanta yarjejeniyar da idon basira, domin yakan ɗaure direba a kan albashin da ba zai iya gujewa ba.