Homon ɗin zuciya da daidaita hawan jini

Homon ɗin zuciya sinadarai ne da tsokar zuciya ke sakewa cikin jini idan jini ya cika ta har ta miƙe. Manyan su biyu ne, ana kiransu ANP da BNP a taƙaice da Turanci. Suna sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa a fitsari, su saki jijiyoyin jini, su kuma danne renin da aldostiron, sinadarai masu riƙe gishiri a jiki.

Tarihi

Da can famfo kawai aka ɗauki zuciya. Wajen 1956 masu bincike Henry da Gauer suka hura ɗan balan-balan a ɗakin sama na hagu na zuciyar karnuka, sai fitsari ya ƙaru, kuma a shekarun nan ne aka hango wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin tsokar wurin ba a gane amfaninsu ba. Adolfo de Bold, ɗan Ajantina mai aiki a Kanada, shi ya warware maganar a 1981: ya niƙa ɗakunan saman zuciyar ɓeraye ya tace ruwan, aka yi wa wasu ɓerayen allurarsa, nan take gishirin fitsarinsu ya ninka kusan sau 30, jininsu ya sauka; sinadarin da ke cikin ruwan shi ne ANP. Gaskiya gwaji ne mai sauƙi amma ya canza fannin gabaki ɗaya. A 1988 masu bincike a Japan suka ciro BNP daga ƙwaƙwalwar alade, daga baya aka gane zuciya ce ta fi samar da shi.

Tasiri na dogon lokaci

Matsalar ita ce ANP ba ya jimawa, cikin 'yan mintoci rabinsa ya ɓace daga jini, to ta yaya zai riƙe awon jini wata da watanni? Ƙananan ɓeraye da aka taɓa ƙwayar gadonsu ne suka ba da amsa. A 1990 an samar da masu ANP da yawa, jininsu ya zauna a ƙasa. A 1995 ɗakin binciken Oliver Smithies a Amurka ya cire ƙwayar gadon da ke samar da ANP, waɗanda suka rasa ta duka jininsu ya hau, waɗanda suka rasa rabinta kuwa lafiya lau suke sai da aka ba su abinci mai gishiri kashi 8 cikin 100 sannan hawan jini ya kama su.  Ɓerayen da aka cire wa makarɓar homon ɗin, wato wurin da yake maƙalewa a jiki don ya yi aiki, jininsu ya hau ko da gishiri ko babu, zuciyarsu kuma ta yi kauri. Waɗanda suka rasa BNP jininsu bai hau ba, tabo ne ya fito a tsokar zuciyar.

Ko sakamakon ɓera ya dace da mutum daidai, masana na jayayya.

A asibiti

Ana auna BNP a jini don gano gazawar zuciya. A 2015 Amurka ta amince da sacubitril haɗe da valsartan, maganin da ke rage rushewar homon ɗin.