Gini Kusa da Bututun Gas: Abin da Kansila Zai Iya da Wanda Ya Fi Ƙarfinsa

A garin da babban bututun iskar gas ya ratsa, mai neman kujerar kansila yakan zo da alkawari biyu. Zai kawo ci gaba, wato sabbin unguwanni da kasuwa da makaranta da tituna, kuma zai kare jama'a daga bututun da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Kowa na son duka biyun, sai dai a fili ɗaya suke haɗuwa, domin filin da ya rage babu gini a gefen gari sau da yawa shi ne wanda bututun ya bi ta cikinsa. Kafin mai zaɓe ya yi tafi, ya kamata ya san wanne daga cikin alkawuran nan ne doka ta sa a hannun kansila.

A yawancin ƙasashe ikon ya rabu gida biyu. Bututun kansa, da kaurin ƙarfensa da matsin iskar da ke cikinsa da yadda ake duba lafiyarsa, na hukumar ƙasa ne da kamfanin da ya mallake shi. Filin da ke gefensa kuwa, da abin da za a gina a kai da wanda za a ba izinin haƙa, na ƙaramar hukuma ne. A Amurka, hukumar FERC ce ke amincewa da hanyar bututun gas da ya tsallaka jihohi a ƙarƙashin dokar iskar gas ta 1938, hukumar PHMSA kuma ita ce ke shimfiɗa ƙa'idojin kiyaye haɗari, kuma dokar tarayya ta hana jihohi kafa nasu ƙa'idojin a kan irin wannan bututu, balle majalisar gari. Saboda haka ɗan takarar da ya ce zai sa a ɗauke bututun, ko zai tilasta a rage matsinsa, ya yi alkawarin abin da ba nasa ba ne. Yana iya kai ƙorafi, ya tara sa hannun jama'a, ya halarci zaman jin bahasi, amma hukuncin ba daga teburinsa zai fito ba.

Yadda gini ke canza matsayin bututu

Wannan shi ne abin da ba a cika faɗa a wajen yaƙin neman zaɓe ba, kuma shi ne ƙashin bayan maganar. Ba a ƙera bututu iri ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Ana ƙera kowane yanki gwargwadon yawan mutanen da ke zaune kusa da shi. Dokar Amurka mai lamba 49 CFR sashe na 192 ta fayyace lissafin, kuma ƙa'idar injiniyoyi ta ASME B31.8, wadda ake aiki da ita a ƙasashe da dama, kusan tafarki ɗaya ta bi. Ana ɗaukar tsawon mil guda na bututun, kimanin kilomita 1.6, a auna mita 200 ta dama da mita 200 ta hagu, sannan a ƙirga gine-ginen da mutane ke zama a cikinsu. Idan goma ne ko ƙasa da haka, yankin aji na 1 ne. Daga 11 zuwa 45, aji na 2. Daga 46 zuwa sama, aji na 3. Inda benaye masu hawa huɗu ko fiye suka yawaita, aji na 4.

Kowane aji da iyakar nauyin da aka yarda a ɗora wa ƙarfen. Sabon bututu a aji na 1 ana barin matsi ya kai kashi 72 cikin ɗari na abin da ƙarfen zai iya ɗauka kafin ya fara lanƙwasa. A aji na 2 kashi 60 ne, a na 3 kashi 50, a na 4 kashi 40. Zurfin binnewa ma yana canzawa, daga santimita 76 a aji na 1 zuwa santimita 91 a sauran, in ƙasar ba dutse ba ce. Haka nan tazarar bawul ɗin da ake rufe iskar da shi: a aji na 1 kowane wuri a jikin bututun yana iya yin nisan kilomita 16 da bawul, amma a aji na 3 ba zai wuce kilomita 6.4 ba, a na 4 kuma kilomita 4.

To, a ɗauka an binne bututu a cikin gonaki shekaru arba'in da suka wuce, an ƙera shi a matsayin aji na 1. Majalisa ta zauna ta amince da sabuwar unguwa mai gidaje sittin a gefensa. Ƙarfen bai canza ba, amma a idon doka yankin ya tsallaka zuwa aji na 3. Daga nan kamfani yana da wata 24 ya daidaita al'amarin: ko ya rage matsi, ko ya gwada bututun da ruwa mai matsi ya tabbatar zai jure, ko ya tone shi ya sa mai kauri, ko ya nemi izini na musamman daga hukuma. A cikin waɗannan watannin mutane sun riga sun tare, yara suna wasa a ƙofar gida. Akwai kuma wata gaɓar da masu ba da izini ke yawan mantawa da ita. Gini guda ɗaya tak yana iya mai da wuri aji na 3, idan yana cikin mita 91 daga bututun kuma mutum 20 ko fiye suna taruwa a cikinsa kwana biyar a mako na tsawon mako goma a shekara. Makarantar firamare ta cika wannan sharaɗi tun ranar da aka buɗe ta, filin wasan yara ma haka.

Filin kariya ba shi ne iyakar wuta ba

Kamfani yakan riƙe wani siririn fili a saman bututun da yarjejeniya a rubuce, sau da yawa faɗin mita 15 ko makamancin haka. A cikinsa ba a gini, ba a shuka itace mai dogon saiwa, ba a tara kaya masu nauyi, ba a ƙara ƙasa ko a kwashe. Mutane da yawa, har da wasu masu tsara gari, sun ɗauka da zarar an fita daga wannan filin an tsira. Ba don haka aka ware shi ba. An ware shi ne don ma'aikata su samu hanyar shiga su yi gyara, masu sintiri kuma su riƙa ganin saman bututun.

Inda zafin wuta zai kai idan bututu ya fashe lissafi ne dabam. Dokar Amurka tana ninka faɗin bututun a inci da tushen murabba'in matsinsa a ma'aunin psi, wato nauyin matsi a kan kowane inci murabba'i, sannan ta ninka da 0.69, abin da ya fito shi ne nisa a ƙafa. Bututu mai inci 30 da matsi 1,000 yana ba da kimanin ƙafa 655, wato mita 200 ta kowace fuska. Mai inci 36 da matsi iri ɗaya ya kai mita 240. Ƙarami mai inci 12 da matsi 500 kimanin mita 56 ne kawai. Wannan ya nuna cewa tazara guda ba ta dace da kowane bututu ba, kuma ɗan takarar da ya ambaci adadin mita ba tare da ya san faɗin bututun garinsa da matsinsa ba, harbi yake yi a duhu. Dokar tarayyar Amurka ba ta hana gini a cikin wannan da'irar ba. Ta dai ɗora wa kamfani ƙarin dubawa inda mutane suka yi yawa, ta bar maganar gini a hannun hukumar gari.

A San Bruno ta jihar Kalifoniya an ga abin da lissafin ke nufi. Ranar 9 ga Satumba 2010 bututu mai inci 30, wanda aka binne tun 1956, ya fashe a tsakiyar unguwa. Mutum takwas suka rasu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus. Masu bincike sun gano walda ce mara kyau a ɗinkin bututun, alhali takardun kamfanin sun nuna bututun ba shi da ɗinki ko kaɗan. An kuma ɗauki minti 95 kafin a tsayar da iskar, tana ta ciyar da wutar. Wannan minti 95 ɗin tambaya ce da kowace majalisa ke da damar yi wa kamfani a rubuce: ina bawul mafi kusa, daga nesa ake rufe shi ko sai mutum ya tuƙa mota ya je ya murɗa da hannu, kuma minti nawa abin zai ci?

Abin da ke hannun majalisa

Babban makaminta shi ne yankin tuntuɓa. A 2010 wani kwamitin haɗin gwiwa na hukumomi da kamfanoni da wakilan garuruwa a Amurka, wanda ake kira PIPA, ya ba da shawarar kowace hukumar gari ta shata ƙafa 660, kimanin mita 200, ta kowane gefen babban bututun gas, duk mai neman izinin gini a ciki ya fara zama da kamfanin kafin a duba takardarsa. Shawara ce, ba ta zama doka sai majalisar garin ta sa ta cikin dokokinta, kuma wannan aikin kansila ne zalla. A Birtaniya abin ya fi haka tsauri. Hukumar HSE, mai kula da lafiya da kiyaye haɗari a wuraren aiki, tana shata zobe uku a gefen bututu mai babban haɗari, na ciki da na tsakiya da na waje, kuma wajibi ne majalisa ta nemi shawararta kan gine-ginen da suka faɗa ciki. Shawarar tana la'akari da waɗanda za su zauna a ginin, domin ma'aikatan sito za su iya gudu, marasa lafiya a gadon asibiti da tsofaffi da yara ƙanana kuwa sai an ɗauke su. Majalisa tana iya saɓa wa HSE, amma sai ta ba ta sanarwar kwana 21 don ta samu damar neman minista ya karɓi maganar. Dokar bututu ta Birtaniya ta 1996 ta kuma ɗora wa ƙaramar hukuma shirya tsarin agajin gaggawa, a riƙa sabunta shi aƙalla duk shekara uku.

Ba lallai ne a hana gini ba, kuma a ganinmu hanawa gaba ɗaya ba ta cika zama mafita ba, tunda mutane suna bukatar muhalli. Ana iya juya taswirar unguwar: wurin ajiye motoci da lambu da magudanar ruwa su koma gefen bututun, makaranta da asibiti su koma can nesa, ƙofofin fita su kalli ɗaya ɓangaren, a kuma tabbatar unguwar tana da hanya ta biyu wadda ba ta tsallaka bututun ba. Unguwar da titinta ɗaya tilo ya bi ta kan bututu, ranar da abu ya faru mazauna ba su da mafita, 'yan kwana-kwana kuma ba su da mashiga.

Sai maganar haƙa, wadda ke cikin manyan dalilan lalacewar bututu a ko'ina, kuma ita ce ci gaba ke jawowa kai tsaye. A Gilengiyan ta ƙasar Beljiyam, ranar 30 ga Yuli 2004, bututu ya fashe ya kashe mutum 24, ciki har da 'yan kwana-kwana da suka zo duba yoyon. Injin aikin gini ne ya karce shi makonni kafin nan, aka ci gaba da aiki. Haka karce yake: haƙorin katafila ya kwashe fentin kariya ya rage kaurin ƙarfe, ba a ga yoyo ba, direba ya mayar da ƙasa ya yi shiru, sai wata rana matsi ya ɗan ɗaga wurin ya buɗe. Don haka ƙa'idar ita ce ko shafa aka yi wa bututu a tsaya a sanar da kamfani. A Amurka ana kiran lamba 811 kwana biyu ko uku na aiki kafin a sa shebur, a zo a yi alama da rawayen fenti, kuma a cikin santimita 45 zuwa 60 daga alamar da hannu ake haƙa. Turakun gargaɗi da ake gani a daji ba su nuna ainihin inda bututun yake ba, ba su nuna zurfinsa ba, zaizayar ƙasa ma takan rage zurfin da aka binne shi da farko. Majalisa tana iya sa shaidar wannan sanarwar ta zama sharaɗin izinin haƙa, ta kuma fara da 'yan kwangilar kanta masu yin tituna da kwalbatoci.

Akwai tarko guda da ke jiran ɗan takarar da ya ci zaɓe. A Ingila dokar 2011 ta ba shi damar ya yi yaƙin neman zaɓe a kan wani aikin gini kuma ya zauna a kwamitin da zai yanke hukunci, amma idan ta bayyana ya shigo da hukuncinsa a aljihu, bai da niyyar sauraron hujja, kotu tana iya soke abin da kwamitin ya zartar. Idan kuma majalisa ta ƙi ba da izini da sunan tsoron bututu alhali HSE ba ta nuna adawa ba, kuma babu wata hujja ta ƙwararru, mai ginin zai ɗaukaka ƙara, yana iya cin nasara har a ɗora wa majalisa kuɗin shari'a. Kansilan da ke son ƙin amincewarsa ta tsaya sai ya zo da faɗin bututun da matsinsa da shekarar da aka binne shi da ajin yankin da adadin mutanen da ginin zai ƙara.

Mazauna kuma su sani cewa manyan bututun da ke ɗauko gas daga nesa sau da yawa ba a sa musu sinadarin warin nan da ake sa wa gas ɗin gida, don haka hanci kaɗai ba abin dogaro ba ne. Alamun su ne ƙara kamar huci ko rugugi, ƙura na tashi daga ƙasa ba iska, ruwa na ɓulɓula a kududdufi, ko ciyawa ta bushe a wuri guda alhali kewayenta kore ne. Gas yana kama wuta idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin. Wanda ya ga haka ya bar injin ko motar yadda take, kada ya kunna ko ya kashe komai, ya tafi da ƙafa ta fuskar da iska ke fitowa, sai ya yi nisa sannan ya kira lambar gaggawa da ke rubuce a jikin turken gargaɗin.